Shirun Yalwa da Mazarin Kwanaki

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, har mai gyangyaɗi ya farka.

Wata yarinya ce, sunanta Yalwa. Kunya gare ta, irin wadda ko kaza ta ƙura mata ido sai ta ja mayafi. Amma in ta zauna kaɗi, duk garin babu mai zare kamar nata. Siriri ne, ga ƙwari, ba ya tsinkewa.

Akwai kuma wani saurayi, Nomau, mai jaki ɗaya. Yana son ta, tana son sa. Ranar da iyayenta suka kira ta suka ce, "Yalwa, kina son Nomau?" sai ta sunkuyar da kai, ta yi shiru, tana zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa. Sai manya suka ce, "To, ta yarda." Nomau yana laɓe bayan danga, ya ji komai. Sai ya riƙe abin a ransa: in Yalwa ta yi shiru, ta yarda ke nan.

Aka yi biki, aka kai ta gidan uwarsa, Inna Marka, gida mai babbar tsamiya a tsakiya. Kun san dai mace ba ta kama sunan mijinta. Sauran mata sukan ce maigida, ko su ce Malam. Ita Yalwa ko wannan ma nauyi yake yi mata. In za ta kira shi sai ta yi tari. Tari ɗaya, tuwo ya sauka. Tari biyu, ruwan wanka yana bayi. Haka suke zaune, lafiya lau. Ta kaɗa zare, ya kai wa masaƙi, aka yi masa riga. Ba ya cire ta sai ranar wanki.

Ana nan, sai abokansa suka ce za su bi ayari zuwa Gwanja fataucin goro. Suka ce, "Kai Nomau, tun da ka yi aure ko bakin kasuwa ba ka wucewa. Ko an ɗaure ka da zare ne?" Sai ya ji kunya, ya ce zai je. A ransa kuwa ba ya son zuwa. Ya ce ai Yalwa za ta hana ni, sai in ce musu iyali ne suka ƙi.

Ranar tafiya da safe ya ɗaura wa jaki kaya. Madugu da abokai suna ƙofar zaure. Inna Marka tana shara. Sai ya zo bakin ɗaki ya tsaya.

Ya ce, "Yalwa, in tafi?"

Yalwa ta leƙa ta ga Inna, ta ga mutane. Sai ta yi shiru.

Ya ce, "Yalwa, hanyar da nisa fa. In tafi?"

Zuciyarta tana cewa a'a, bakinta ya ƙi buɗewa. Sai ta yi tari har sau uku. To, tari uku ba su taɓa sa masa ma'ana ba.

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ki tauna citta. Yalwa, in tafi?"

Shiru. Sai ya ce a ransa, ta yarda. Ya ja jakinsa ya fita, yana tafe yana waiwaye.

Aka yi shekara. Ayari ya dawo, babu Nomau. Madugu ya zo gidan da ɗan ƙunshin goro, ya zauna gindin tsamiya. Ya ce, "Mijinki yana gaishe ki. Ya ce in tambaye ki, ya ƙara shekara?"

Yalwa ta dubi rawanin madugu, ta dubi Inna Marka. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Madugu ya ce, "Inna, ke me kika ce?"

Nomau kuwa ɗan fari ne, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban mutane. Sai Inna Marka ta ce, "Ni ina ruwana da yaron nan." Tana faɗa tana share wurin da ta riga ta share.

Madugu ya ce, "To, an yarda." Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Tun daga ranar Yalwa ba ta da aiki sai kaɗi da hawaye. In ta tuƙa tuwo sai ta manta ta yi tari ɗaya, babu mai fitowa.

Rannan da hantsi sai ga wata tsohuwa mai sayen zare gida gida, ana ce mata Iya Hakama. Ta ɗauki zaren Yalwa ta ja, bai tsinke ba. Ta sa a baki don ta jiƙa bakinsa, sai ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Wa ya kaɗa wannan?"

Yalwa ta ce, "Ni ce, Iya."

"Da gishiri a ciki. Ke da wa?"

Yalwa ta yi shiru. Amma da yake tsohuwa ce, kuma Inna Marka ta tafi barka, a hankali a hankali sai ta faɗi komai. Iya Hakama ta yi dariya har dasashinta ya fito.

Ta ce, "Shi ya tambaya bai ji amsa ba, ke kin amsa ba ki buɗe baki ba. Allah ya haɗa ku."

Sai ta buɗe taskirarta ta fito da wani tsohon mazari baƙi, da dunƙulen auduga guda uku.

Ta ce, "Wannan mazarin kwanaki yake kaɗawa. Ki shafa alli a yatsa, ki murza shi, ki faɗi sunan wanda kike so da ranar da kike so. Zai kai ki. Muddin da sauran auduga a hannunki, kina can. In ta ƙare, kin dawo. In kuwa kin isa inda kike son zama, ki tsinke zaren da haƙori, kin zauna ke nan."

Yalwa ta ce, "Iya, sai an faɗi sunan?"

"Sai an faɗa. In ba ki faɗa ba, zai jefa ki inda ya ga dama cikin kwanakin mutumin. Audugar kuma uku ce, ba ni da ta huɗu."

Tsohuwa ta tafi. Yalwa ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ta shafa alli, ta ɗauki dunƙule na farko, ta murza mazari, tana waƙa ƙasa ƙasa:

"Juya, mazari, juya,
Jiya tana nan, gobe tana nan,
Juya ka kai ni ranar tafiya,
Ka kai ni wurin…"

Nan ta tsaya. Sunan ya zo bakinta, ta haɗiye shi. Ta ce, "Wurin shi."

Sai ɗakin ya juya. Ta buɗe ido ta gan ta a tsakar gidan nan dai, amma tsamiyar ko ƙugunta ba ta kai ba. Ga wata yarinya tana daka, ta duba da kyau, ashe Inna Marka ce, ko furfura ɗaya babu. Ga wata tsohuwa kan tabarma. Ga jariri kusa da ita yana ta tsala kuka.

Tsohuwar ta ce, "Marka, ɗanki yana kuka."

Marka ta ce, "Ni ban ji ba." Ta ci gaba da daka, taɓarya tana sauka gefen turmi.

Tsohuwar ta ga Yalwa. Ta ce, "Baƙuwa, sannu da zuwa. Ɗaukar mini jikan nan nawa, uwarsa kunya ta toshe mata kunne."

Yalwa ta ɗauke shi. Ta ga kunnuwan nan masu faɗi, ta gane su. Sai kunya ta kama ta, ta kau da kai. Jariri ya yi shiru, ya kama ɗan yatsanta ya riƙe gam. Can sai ta ji ɗumi a cinyarta.

Tsohuwar ta tafa hannu tana dariya. Ta ce, "Ya yi miki kamu tun da wuri. Sai ki jira shi ya girma."

Yalwa ta ce a ranta, jiran ne ai ya kawo ni.

Tsohuwar ta tashi ta zaga bayi. Kafin ka ce me, Marka ta yar da taɓarya, ta karɓe yaron, ta yi bayan rumbu da shi. Yalwa ta leƙa. Sai ta ga Marka ta sa baki a kunnensa tana cewa, "Nomau. Nomau nawa. Nomau." Tana faɗa tana dube-dube kamar mai satar nama a tukunya.

Yalwa tana cikin kallo audugar ta ƙare. Sai ga ta a ɗakinta, da jiƙaƙƙen zane.

Washegari da hantsi ta ce yau kam sai na faɗa. Ta shafa alli, ta ɗauki dunƙule na biyu, ta murza.

"Juya, mazari, juya,
Jiya tana nan, gobe tana nan,
Juya ka kai ni ranar tafiya,
Ka kai ni wurin…"

Sai ta ji tsintsiyar Inna Marka a bayan ɗaki. Ta ce, "Wurin mai jakin nan."

Ɗakin ya juya, ya juya, ya daɗe yana juyawa. Ta buɗe ido ta gan ta a wata kasuwa da ba ta sani ba, mutane suna wani yare. Ga wani tsoho a inuwa, gemu fari fat, ya buɗe huhun goro yana yayyafa masa ruwa. Ta ga kunnuwan. Ta ga rigar, duk ta sha faci a kafaɗa, amma zaren nata ne. Ko cikin dubu za ta gane shi.

Tsohon ya ce, "Jikata, goro za ki saya?"

Ta girgiza kai.

"To zauna ki huta. Daga ganinki 'yar ƙasarmu ce."

Ta zauna nesa kaɗan. Da ƙyar ta ce, "Baba, rigar nan ta tsufa."

Ya shafa ta. Ya ce, "Shekara arba'in. Zaren matata ne. Ba ta magana, amma zarenta ba ya tsinkewa."

"Tana ina?"

"Tana gida, in tana da rai. Na ce mata in tafi, ta yarda. Na aika in ƙara shekara, ta yarda. Na sake aikawa, ta yarda. A ta uku sai na ji kunyar aikawa. Na ce ƙila zamana ne ya dame ta, bari in bar ta ta huta."

 Yalwa ta ce, "Ba ka sake aure ba, Baba?"

"An yi mini tayi. Duk surutu gare su. Ni kuwa da tari na saba." Ya yi 'yar dariya. "Har yau in wani ya yi tari a kasuwar nan sai in ga na tashi ina neman ruwan wanke hannu. Mutane suna cewa na ruɗe."

Ya ɓare goro ya miƙa mata rabi. Ya ce, "Ke mace ce, jikata, bari in tambaye ki abin da ya daɗe yana cin raina. In mace ta yi shiru, kullum yarda take nufi?"

Yalwa ta buɗe baki. To, da ma yana saurayi kunyarsa take ji, balle yanzu da ya kai sa'ar kakanta. Sai ta sunkuyar da kai, ta kama zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa.

Tsohon ya dubi yatsan. Ya daɗe yana dubansa. Goron ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Yalwa?"

Sai audugar ta ƙare.

Ranar ko ruwa ba ta sha ba. Ta zauna da rabin goro a hannu har la'asar.

Da kasuwa ta zagayo sai ga Iya Hakama ta leƙo. Ta ce, "Saura nawa?"

"Ɗaya, Iya."

"Kin faɗi sunan?"

Yalwa ta yi shiru.

Iya Hakama ta ce, "Ni ba zan ce kin yarda ba. A wurina shiru shiru ne. Ki ji da kyau, 'yar nan. In wannan ta ƙare a banza, abin da kika gani a kasuwar can shi zai tabbata. Shi ya tsufa can, ke ki tsufa nan, kowa da kunyarsa."

"Iya, bakina ne ya ƙi."

"Lokacin da kika fara kaɗi, ran farko kika iya? Je ki koya."

Sai Yalwa ta shiga koyo. Ta tura kai cikin randa ta faɗa. Rabin sunan ya fito, rabi ya maƙale. Ta tura kai cikin turmi ta faɗa. Ya fito duka, amma ita kanta ba ta ji ba. Ta je bayan rumbu, inda ta ga Inna Marka ta taɓa yi, ta faɗa wa akuya. Akuya ta bar tuƙa ta ƙura mata ido. Yalwa ta ja mayafi, amma dai ta faɗa.

Da gari ya waye ta shafa alli. Ta ɗauki dunƙule na ƙarshe.

"Juya, mazari, juya,
Jiya tana nan, gobe tana nan,
Juya ka kai ni ranar tafiya,
Ka kai ni wurin Nomau."

Muryar ba ta fi ta sauro ba, amma mazari ya ji.

Ta buɗe ido. Ga ta a ɗakinta. A waje tsintsiya tana shara, jaki yana kaɗa kunne, madugu yana cewa a yi sauri rana tana yi. Sai ga inuwa a bakin ƙofa.

"Yalwa, in tafi?"

Muryar saurayi ce, babu tsufa a cikinta. Daɗi ya cika ta har ta manta abin da ya kawo ta. Ta yi shiru.

"Yalwa, hanyar da nisa fa. In tafi?"

Ta leƙa ta ga Inna, ta ga mutane. Sai tarin nan ya taso mata, sau uku.

"Allah ya sawwaƙe, ki tauna citta. Yalwa, in tafi?"

Ta dubi hannunta. Audugar ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta ji Nomau ya juya, ta ji takun jaki ya nufi zaure. Sai ta sa haƙori ta tsinke zaren. Zaren da bai taɓa tsinkewa ba, ranar ya tsinke. Ta ɗaga asabari ta fito tsakar gida, ko mayafi babu.

Ta ce, "Nomau!"

Har tattabarun kan tsamiya sai da suka tashi. Jaki ne ya fara tsayawa, sannan mai jakin. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Inna Marka.

Yalwa ta ce, "Nomau, kada ka tafi. Ba na so. Ko yau, ko baɗi."

Madugu ya gyara rawani. Ya ce, "Na je Gwanja sau goma sha biyu, ban taɓa jin irin wannan ba."

Abokai suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ashe tana da murya." Wani ya ce, "Ashe ma ta san sunansa."

Kowa ya juya wajen Inna Marka, a ji faɗan da za ta yi. Inna Marka ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta, ta bubbuga gindinta a tafin hannu.

Ta ce, "Me kuke kallo? Ni ban ji komai ba. Kai yaron nan, sauke kayan nan, jakin ya gaji."

Nomau ya ce, "Inna, ko taku goma bai yi ba."

"Na ce ya gaji."

Ya sauke kaya. Ayari ya tafi, suna tafe suna dariya. Yalwa kuwa tuni ta koma ɗaki, ta lulluɓa da mayafi har biyu. Inna Marka ta zo wucewa ta bakin ƙofa tana shara, ta ce ƙasa ƙasa, kamar da tsintsiya take magana, "Ashe haka yake da daɗi in an faɗe shi da ƙarfi."

Can sai ga Nomau, baki har kunne. Ya tsuguna a bakin ɗaki.

Ya ce, "Yalwa, sake faɗa."

Daga cikin mayafi ta ce, "Na faɗi na shekara arba'in."

"Shekara arba'in kuma? To da kika yi shiru sau uku fa? Ni na ɗauka kin yarda."

"Kai ne ba ka iya tambaya ba."

"Yaya ake yi?"

 Ya sosa ƙeya, ya yi tunani, ya yi tunani. Kun san maza, sai da inuwar tsamiya ta matsa sannan abin ya faɗo masa.

Ya ce, "Yalwa, in zauna?"

Sai ta yi shiru. Ta ƙasan mayafi ya hango babban yatsan ƙafarta yana zane a ƙasa.

Ya ce, "To, ta yarda." Ya zauna.

Matan garin sun yi wata guda suna tsokanarta. In ta je rijiya sai wata ta ce, "Yalwa, na manta sunan mijinki, tuna mini." Ita dai sai ta ja gugarta ta wuce. Ba ta sake kiran sunan a gaban mutane ba har suka tsufa, tarinta ta ci gaba da yi. Amma an ce in ka bi ta bayan rumbunsu da la'asar, wani lokaci kakan ji ana faɗarsa a hankali, kuma ba da akuya ake magana ba.

Ƙurunƙus kan kusu, audugata ta ƙare a nan. Ku 'yan mata, kunya ado ce, amma ranar da abin da kuke so ya kama hanyar zaure, ku buɗe baki. Ku kuma samari, kafin ku ɗaura wa jaki kaya, ku koyi tambaya.